Idan Inji Ya Ɗauki Zafi, Sawun Ruwa Ake Bi

A cikin watan Afrilu, bazara ta kai maƙura, na shiga wata Golf daga Daura zan tafi Kano. Mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba, but a buɗe an ɗaure shi da igiya saboda buhunan da aka danna masa. Ba mu daɗe da wuce Sandamu ba sai na lura direba ya fara satar kallon allon da ke gabansa, yana sassauta ƙafa a kan totur. Can sai ya gangara gefen titi, ya tsaya a inuwar wani gawo, ya ɗaga bonet. Tururi na tsartowa daga bakin robar ruwa, ana jin ƙugin tafasa kamar tukunyar ɗanwake. Ya jawo jarka daga ƙarƙashin kujera, wadda daga gani ba yau ta fara wannan aiki ba.

Wani dattijo da ke kusa da ni ya leƙa ta taga ya ce, "Direba, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Baba. Obahitin ne kawai, zafin rana ne."

"To ɗana, ai ranar nan ba mu kaɗai take duka ba. Ga 'yan'uwanka can suna ta wucewa."

Direba bai tanka ba. Kafin mu isa Kazaure sau uku muka tsaya, mu mu sha ruwan leda, motar ta sha na jarka.

Dattijon nan ba bakanike ba ne, amma ya fi da yawa daga cikinsu kama bakin zaren. Kalmar obahitin ta zama a wurinmu kamar kalmar zazzaɓi: an faɗe ta, an gama magana, kamar ita ce sunan cutar. Alhali zazzaɓi sallama ce kawai, mai gidan yana ciki. Ruwa ba ya tsami banza, haka kuma ba ya tafasa banza. Injin da yake lafiya an ƙera shi ne ya jure rana mai digiri 40 da ɗoriya, irin wadda muke gani a Daura da Zango da Ɓaure kafin saukar damina. Rana ba ta haifar da matsalar, tona mata asiri take yi.

Kafin a kai ga neman laifi, sai a san daga ina zafin yake fitowa. Duk litar fetur da inji ya sha, abin da ke zama tafiya bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sau da yawa ma bai kai ba. Kusan kashi ɗaya yana ficewa ta salansa. Sauran yana shiga jikin ƙarfen injin, kuma dole a kwashe shi a kai waje kamar yadda ake kwashe toka daga murhu. Wutar da ke tashi a cikin silinda tana haura digiri 2,000, alminiyom ɗin da aka yi kan injin da shi kuwa yana narkewa a digiri 660. Abin da ya raba su shi ne ɗan ruwan da ke zagayawa a cikin ramukan da aka bari a jikin ƙarfen. Kuma ba so ake injin ya yi sanyi ba. Wajen digiri 90 yake so ya zauna, a nan baƙin mai yake tsinkewa daidai, a nan fetur yake ƙonewa tas. Aikin ruwa shi ne ya riƙe shi a wurin, kada ya hau, kada ya sauka.

Injin da ya fi nuna wannan aiki a fili ba a kan titi yake ba, a kan ruwa yake. A Amurka akwai wasan da ake ɗaura wa mutum faifan katako a ƙafa, ya riƙe igiya, jirgi ya ja shi a guje yana zamiya a saman tafki. Wani saurayi, Ralph Samuelson, shi ya fara shi a tafkin Pepin na jihar Minnesota a 1922. A 1961 kamfanin Correct Craft na Florida ya fito da jirgin Ski Nautique, wanda aka yi musamman don wannan ja. Irin waɗannan jirage injinsu a tsakiyar ciki yake, a cikin akwati, kuma asalinsa injin mota ne mai silinda takwas da aka gyara don ruwa. Wani sandan ƙarfe ne ke fita ta ƙasan jirgin ya juya farfela. Ba za ka ga irinsa a madatsar Sabke ko ta Daberam ba, kuma ba kawo shi na yi don wani ya je ya saya ba. Na kawo shi ne don ba shi da lagireto, ba shi da fanka. A cikin akwati babu iskar da za ta sanyaya komai, ga kuma tafki guda a ƙarƙashinsa. Don haka ruwan tafkin yake zuƙa, ya ratsa da shi ta jikinsa, ya tofar da shi ta salansa. Hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya mai mashiga da mafita, kamar lambatun fadama. Wanda ya iya bin wannan hanya daga farko zuwa ƙarshe ya iya gano zafin kowane inji.

Ruwan yana shigowa ta wata ƙofa a ƙasan jirgin, ya faɗa cikin wani kofi mai rariya da ke tare ciyawa da yashi. Daga nan ya bi tiyo zuwa famfon da ke zuƙo shi. Wannan famfo cikinsa wata roba ce mai fukafukai, tana juyawa a matse cikin gidan ƙarfe, fukafukan suna lanƙwashewa suna miƙewa, da haka suke jan ruwa. Ruwan da take ja shi ne man shafawarta. Idan aka tayar da jirgi a kan tudu ba ruwa, ko leda ta liƙe ƙofar ƙasa, cikin abin da bai kai minti guda ba robar ta ƙone, fukafukan su kakkarye. Daga famfo ruwa ya wuce gidan tamostat, ya zaga jikin injin, sannan ya shiga rigar ƙarfen da ke lulluɓe da bututun hayaƙi, ya cakuɗu da hayaƙin su fita tare ta baya.

Bakaniken jirgi da ya san aikinsa, idan aka ce masa allura ta hau, ba ya fara ɗaukar sifana. Yana fara tuhumar allurar ne. Waya ɗaya da ta yi tsatsa, ko ɗan ma'aunin da ke soke a jikin injin ya lalace, ya isa ya sa allura ta nuna wuta alhali injin lafiyarsa ƙalau. Akwai 'yar na'ura mai kama da bindigar wasan yara da ake haska ƙarfe da ita ta faɗi zafinsa, yanzu ana samunta a kasuwa ba tsada can. Idan ita ta ce 70 allura ta ce 100, to rewaya ake nema ba bakanike ba. Idan zafin gaskiya ne, sai ya zaga baya ya dubi salansa: ruwa na fita da yawa ko ɗigo yake yi? Sai ya buɗe rariya. Sai ya buɗe famfo ya zaro robar ya ƙirga fukafukanta. A nan ne ake gane gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo ya ga fukafukai biyu sun ɓace, ya sa sabuwar roba ya rufe, ya ce an gama. Gwani kuwa zai tambaya, biyun da suka ɓace ina suka tafi? Ba narkewa suka yi ba, suna can gaba sun maƙale a wata ƙaramar mashiga, kuma sai an tono su an jera a tafin hannu an ga sun cika lissafi. In ba haka ba an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Akwai kuma laifin da ido ba ya gani. Daga ƙofar ƙasa zuwa famfo, tiyon zuƙa yake yi ba turawa ba. Idan ya huje ko murfin rariya bai zauna daidai ba, ruwa ba zai ɗigo waje ba balle a gani, iska ce za ta riƙa shiga ciki. A hankali jirgin lafiya lau, da an taka wuta sai famfo ya koma shan kumfa, allura ta tashi. Manoman rani sun san wannan sarai ba tare da sun taɓa ganin jirgi ba, domin haka injin ban ruwa yake yi idan mesar da ke cikin rijiya ta sha iska: yana ta ƙara, ruwa kuwa sai tari. Maganinsu ɗaya ne, a bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da robar tayar keke ko sabon maɗauri.

Matuƙan kwale-kwale masu inji a Yawuri da tafkin Kainji da Baga galibi injin rataye suke amfani da shi, irin su Yamaha da ake maƙalawa a bayan jirgi. Shi ma irin wannan robar ce a ƙafarsa, yashin kogi yana cin ta, kainuwa da leda da guntun koma suna toshe mashigarsa. An yi masa wani ɗan rami da ke tsarto siririn ruwa a gefe, kuma matuƙi na ƙwarai yana waiwayen wannan tsartuwa kamar yadda direba ke duban madubi.

Abin da ya bambanta mota da jirgi shi ne ita ruwanta ƙidayayye ne. 'Yan litoci ne ke kewayawa, don haka dole su sauke zafin da suka ɗauko kafin su koma, kuma iska suke sauke wa. Ke nan a mota sawu biyu ake bi, na ruwa da na iska, lagireto kuma shi ne kasuwar da suke haɗuwa. Saboda haka tambayar farko da ya kamata bakanike ya yi wa mai mota ba "me ya lalace" ba ce. Tambayar ita ce, yaushe take ɗaukar zafin?

Idan a cunkoso take yi, a ce an shiga Kano an maƙale a Kurna, amma da an samu titi an miƙe sai allura ta sauko, to iska ce ta yi ƙaranci, kuma a tsaye fanka ce kaɗai mai kawo ta. A duba fankar, da fis ɗinta, da abin da ke ba ta umarnin tashi. Idan kuwa akasin haka ne, a cikin gari lafiya, sai an ɗauki hanyar Kwangwalam ko ta Katsina an taka sosai take hawa, to fanka ba ta da laifi, domin a gudun kilomita 100 iskar da ke bugun gaban mota ta fi ƙarfin kowace fanka. A nan ruwa ne ba ya gudu yadda ya kamata, ko lagireto ya toshe ta ciki, ko tiyon ƙasa ya tsufa yana shaƙewa idan famfo ya ja da ƙarfi, ko kuma fuskar lagireton ta cushe da ƙura da ƙaiƙayi da fukafukan fara. Idan daga tayarwa minti biyar ko goma ta tafasa, to ruwan ba ya motsi sam: ko babu shi, ko fambel ya tsinke, ko famfo ya mutu, ko tamostat ya ƙi buɗewa. Hannu ma yana ba da shaida, in an yi hattara. Injin ya yi zafi amma tiyon da ke kai ruwa lagireto da sanyinsa, tamostat a rufe yake. Lagireto gefe ɗaya zafi gefe ɗaya sanyi, wasu layukansa sun toshe. Idan kuma kullum sai an ƙara ruwa, kamar motarmu ta ranar nan, tambayar ta koma ina ruwan yake zuwa, domin motar da ke lafiya tana iya wata da watanni ba a ɗiga mata ko kofi ɗaya ba.

Duk wannan bincike ba ya cin ko sisi. Abin da yake ci shi ne haƙuri, kuma shi ne ya yi ƙaranci a garejinmu. Abin da aka saba, daga Daura har Kano, shi ne maganin gaggawa guda biyu da ake yi wa kusan kowace motar Kwatano da ta shigo: a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka dayarek ta riƙa juyawa daga murɗa makulli. Hujjar ita ce wai tamostat na ƙasar sanyi ne, mu nan me za mu yi da shi.

Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba haka abin yake ba. Tamostat ƙofa ce mai ɗan kaki a cikinta. Idan ruwa ya kai wajen digiri 82 zuwa 90, gwargwadon irin motar, kakin ya narke ya kumbura ya tura ƙofar ta buɗe. Da zarar ta buɗe gaba ɗaya, ba ta hana ruwa wucewa. Motocin da ke yawo a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke fitowa daga kamfani, kuma ba su fi mu sanyi ba. Abin da cire shi ke jawowa ba ya bayyana ran nan. Da asubar hunturu, lokacin da mutanen Sandamu ke kewaye da wutar kara, injin da ba shi da tamostat yana iya tafiya mai nisa bai kai zafin aikinsa ba. Motocin yanzu suna da kwamfutar da ke auna wannan, kuma muddin ta ga injin da sanyi za ta ci gaba da ƙara masa fetur kamar yadda ake jan cok. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka na ƙasa, ringi su riƙa cin ƙarfe. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin mai, ba na jin akwai direban da ke da rarar litar da zai ƙona a banza. Sannan akwai abin da ya fi wannan ban takaici. A injuna da yawa tamostat ƙofa biyu yake tsaro: idan ya buɗe hanyar lagireto, ƙasansa yana rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin inji. Idan an cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa kewayawa bai taɓa leƙa lagireto ba. An cire don a rage zafi, an ƙara. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Sai dai ba zan ɗora wa bakanike laifin duka ba. Tamostat yana mutuwa, kuma idan ya mutu a rufe, cikin mintuna yana iya kashe inji. Bakaniken da ya taɓa sa sabo daga kwali, bayan sati biyu mai mota ya dawo masa da injin da ya ƙone yana zage-zage, ba zai sake yarda da abin kwali ba. Jabu ya yi yawa, kuma mai mota da kansa ne ke cewa a sa mai araha. Cirewa ta fi masa kwanciyar hankali. Amma akwai gwajin da kowace uwargida za ta iya yi a madafa. A ɗaura tamostat da zare, a saka shi a tukunyar ruwa a kan wuta. Mai kyau zai fara buɗe baki tun ruwan bai tafasa ba, ya wangame sosai, in an tsamo shi ya huce ya rufe ruf. Wanda ya je kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo, sabo ne ko ɗan Beljiyom, ya dafa shi kafin ya ɗaura. Minti goma ne.

Fanka dayarek kuwa ɓoye laifi ne kawai. An bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya hana ta tashi da kanta yana nan, an dai kewaye shi, ita kuma tana ta juyawa ba hutu har ranar da za ta ƙone a tsakiyar hanya.

Akwai wani ƙaramin abu da ba a ba shi girmansa, shi ne murfi. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100, a tudu irin namu ma yana ɗan gaza haka. Injin da ke aiki a 90 ke nan tazararsa da tafasa kaɗan ce. Murfin lagireto, ko na robar ruwa a irin su Golf, yana da sifirin da ke danne ruwan, a kansa za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1 ko sama da haka, kuma wannan dannewa tana ɗaga tafasar zuwa wajen digiri 120. Murfin da robarsa ta tsage, ko wanda aka maye gurbinsa da leda da ƙyalle, ya kwashe wannan tazara gaba ɗaya. Sau da yawa an sauke lagireto, an canza famfo, an kashe dubbai, ashe murfi ne. Wannan dannewar ce kuma ta sa buɗe murfi da zafi yake da haɗari: ruwan da ya haura digiri 100 yana jiran a sake shi ne, da an murɗa sai ya zama tururi a fuskar mutum. Direbanmu da tsumma ya murɗa yana kauda kai, Allah ya kiyaye. Jira ake yi. Kuma ba a kwara wa ƙarfen da ya gasu ruwan sanyi farat ɗaya, tsagewa yake yi kamar tulun da aka fitar daga wuta.

Shi kansa ruwan abin dubawa ne. Duk wanda ya leƙa cikin tsohuwar butar shayi ya ga farin ɓawon da ruwan rijiya ko na burtsatse ke bari. Layukan lagireto ba su kai kaurin tsinken tsintsiya biyu ba, wannan ɓawo da tsatsa su ke cike su sannu a hankali. Shi ya sa ma injin jirgin da ke shan ruwan tafki kai tsaye ake sa masa tamostat mai buɗewa da wuri, wajen digiri 60 zuwa 70, don ruwan ba a danne yake ba, kuma gishirinsa ya fi kwantawa idan zafi ya yi yawa. Ruwan nan mai launi, kore ko ja, da ake sayarwa a galan, shi ma an ce na ƙasar ƙanƙara ne. Gaskiya ne yana hana daskarewa, amma yana ɗauke da maganin tsatsa, yana kuma ɗaga tafasa da 'yan digirori. Illarsa ɗaya, guba ne mai zaƙi, ba a barin sa a buɗe inda yara ko awaki za su kai baki. Wanda ba shi da halin saye, ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta ya fi na rijiya. Sabulun da ake liƙa wa lagireto mai yoyo kuwa na kai mota gida ne, ba na zama ba.

Gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, shi ne sunan da kowa ke tsoro, kuma shi ne wanda ake saurin kira. Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne. A tayar da mota da sanyinta, murfi a buɗe, a ga kumfa na ɓulɓulowa ba tsayawa. Tiyo ya yi tauri kamar tayar keke tun injin bai yi zafi ba. Farin hayaƙi ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya gasu. A zaro sandar baƙin mai a ga ya koma kalar shayi mai madara. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, wanda ya ce a sauke tof silinda sai ya faɗi dalilinsa. Idan kuma akwai, da sauran rina a kaba, domin gaskit galibi ba shi ne ya fara ba, shi aka kashe. Alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, don haka idan injin ya gasu kan yana ɗan karkacewa, gaskit ya saki. A sa sabo ba a kai kan an daidaita shi ba, ba a kuma gano abin da ya fara kawo zafin ba, bayan 'yan makonni a dawo gidan jiya. Daidai da fukafukan robar nan da aka bari a cikin jirgi.

Wani lokaci kuma sawun ruwa da na iska duk lafiya, injin ne ake sa shi haifar da zafin da ya fi ƙarfin abin da aka tanada. Baƙin mai ya yi ƙasa, ko taimin ya goce, ko birki na riƙewa, ko salansa ta toshe. A jirgi, farfelar da ba ta dace ba ko igiyar da ta naɗe ta. A wurinmu kuwa lodi. Motar da aka yi don mutum biyar, a ranar Lahadi ta taso daga kasuwar Mai'aduwa da mutum bakwai da buhu shida da akuya a kan cinya, ba lagireton da zai ce bai ji ba.

Ƙananan injunan da suka fi yawa a ƙauyukanmu ma dokar ɗaya ce, kayan aikin ne suka bambanta. Injin ban ruwa irin na Honda da 'yan'uwansa na Caina, da janareto, da babur, iska kaɗai ke sanyaya su, ta waɗannan haƙarƙarin da ke jikin silinda. A injin ban ruwa fanka tana jikin ƙarfen da ake ja da igiya, kuma murfin da ke rufe da ita shi ke tattara iskar ya kai ta inda ake so. Idan abin jan ya lalace, manomi ya kwance murfin gaba ɗaya ya koma naɗa igiya da hannu, fankar tana nan tana juyawa amma iskarta a banza take watsewa. Injin zai yi aiki, yana cin kansa. Haka haƙarƙarin da baƙin mai da ƙura suka yi wa laka, bargo ne aka lulluɓa masa da rana tsaka.

Tsohon injin niƙa kuwa, irin Lista ɗin nan na Ingila da kwafinsa da ake ƙerawa a Indiya, ba shi da famfon ruwa ko kaɗan. Duro ne a gefensa da bututu biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ruwan da ya yi zafi ya fi sauƙi, sai ya hau ta bututun sama ya zuba a duro, mai sanyi ya gangaro ta na ƙasa ya maye gurbinsa, haka yake zagayawa da kansa yini guda. Na taɓa tsayawa a wani gidan niƙa inda injin ya fara wari yana rage ƙarfi, layin kwanukan dawa har waje. Yaron wurin ya leƙa duro ya ce, "Maigida, ai da ruwa, ya fi rabi ma." Maigidan ya ajiye buhun da ke hannunsa, ya zo ya zura hannu ya shafo bakin bututun sama, a bushe. Ruwan ya sauka ƙasa da shi da kamar faɗin yatsa uku, zagayen ya yanke, duro da ruwa mai ɗumi a ciki, injin kuma yana gasuwa a gefensa. Ya rage wuta, ya bar shi ya ɗan huce, sannan ya sa yaron ya kawo bokiti biyu yana zubawa a hankali. Da ruwan ya rufe bakin bututun sai muka ji wani gurguri daga ciki, saman duron ya fara hayaƙi, ya ce wa matar da ke gaba ta miƙo kwanonta.